Daga Kwazazzabon Tibet Zuwa Kurmin Kagoro: Ina Dogayen Itatuwanmu Suka Tafi?

A cikin watan Mayu na shekarar 2023 ne wata ƙungiya ta masu bincike, a ƙarƙashin jagorancin malaman Jami'ar Pekin ta ƙasar Sin, ta ba da sanarwar cewa ta gano wata bishiya mai tsawon mita 102.3, watau kimanin ƙafa 335, a cikin wani kwari mai wuyar shiga a gundumar Bome da ke yankin Tibet. Domin mai karatu ya gane irin wannan tsawo, da za a kwantar da bishiyar a filin ƙwallon ƙafa, da ta kusa taɓa raga da raga. Da kuma za a tsayar da ita a gefen Gidan Koko na Ibadan, mai hawa 26, da kaɗan ne benen zai ɗara ta. A duk nahiyar Asiya babu wata bishiya da aka auna wadda ta kai ta.

Wataƙila wani ya ce, to, ina ruwan mutumin Kafanchan ko Kwoi ko Zonkwa da wani icce da ke can bayan duwatsun Himalaya? Amsar ita ce, abubuwan da suka raini waccan bishiya har ta kai inda ta kai, akwai irinsu a nan gindin duwatsun Kagoro da gangaren Filato. Mu ma Allah ya ba mu namu dogayen itatuwan a cikin kwaruruwa da bakin rafuka, a wuraren nan da muke kira kurmi. Bambancin kawai shi ne, su can an je da na'ura an auna, an rubuta, an sa doka. Mu kuwa a nan galibi zarto ne ke fara auna mana tsawon icce, bayan ya riga ya kwanta a ƙasa.

WACE IRIN BISHIYA CE?

Bishiyar da ake magana a kanta tana cikin dangin itatuwan da Turawa ke kira saifires. Ba ta da faffaɗan ganye irin na ɗorawa ko mangwaro. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, sun manne a jikin siraran rassa kamar ɓawon kifi, kuma ba ta kaɗe su gaba ɗaya da rani, shi ya sa ake ganinta kore shar a kowane lokaci na shekara. Ba ta fure irin wanda muka sani. 'Ya'yanta na cikin wasu 'yan ƙululai masu tauri. Katakon danginta yana da ƙamshi, yana kuma daɗewa bai ruɓe ba, saboda haka mutanen ƙasashen Himalaya suka daɗe suna gina wuraren ibada da shi, suna kuma turare da ganyensa. Ƙasar Butan ma wata 'yar'uwar wannan bishiya ta ɗauka a matsayin bishiyar ƙasa.

Inda aka same ta kuwa yana cikin yankin babban kwazazzabon kogin Yarlung Zangbo, wanda ake lissafawa a matsayin mafi zurfi a doron ƙasa, don a wani wurin zurfinsa ya kai kimanin mita 6,000. Wannan kogi shi ne idan ya gangara ƙasar Indiya ake kiransa Barahmaputra. Ta wannan kwazazzabo ne iska mai ɗauke da danshi daga tekun Indiya take kutsawa cikin duwatsu, ta zubar da ruwa mai yawa, hazo kuma ya riƙa kwanciya a cikin kwaruruwa.

Masu binciken ba hawa bishiyar suka yi da igiya suka auna ba. Sun yi amfani da jirage marasa matuƙa da wata na'ura mai harba haske, wadda ke lissafa nisan abu ta lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. Da wannan dabara suka zana taswirar dajin itace bayan itace. Kaurin gindin bishiyar daga gefe zuwa gefe ya kusa mita 3, sa'an nan ba ita kaɗai ba ce a wurin, domin sun sami wasu 25 da suka haura mita 90. Shekara guda kafin wannan, watau a 2022, bishiyar da aka sani mafi tsawo a ƙasar Sin ba ta wuce mita 83 da 'yan kai ba. Ashe dai waɗannan ƙatti suna nan tsaye ɗaruruwan shekaru, rashin zuwa a duba ne ya ɓoye su.

SAURAN ZAKARUN DUNIYA

Duk da wannan tsawo, bishiyar Tibet ba ita ce ta ɗaya a duniya ba. Wadda ke riƙe da kambi tana jihar Kalifoniya ta Amurka, daga cikin jajayen itatuwan bakin teku. An gano ta a shekarar 2006, aka sa mata suna Hyperion, tsawonta kuwa kimanin mita 116 ne. Da masu yawon buɗe ido suka dame ta da ziyara, suna tattake ƙasar da saiwoyinta ke ciki, sai a shekarar 2022 hukuma ta hana zuwa wurin, ta ce duk wanda aka kama zai iya biyan tarar dala 5,000 ko ya sha ɗaurin wata shida. A ɓangaren ƙasar Malesiya na tsibirin Borniyo da tsibirin Tasmaniya na Ostareliya ma an auna itatuwan da suka kai kimanin mita 100.

A nan Afirka kuwa, sai a shekarar 2016 ne wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Andreas Hemp ya bayyana cewa ya auna wata bishiya mai tsawon mita 81.5 a cikin wani kwari da ke gefen dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya. An ƙiyasta cewa manyan itatuwan wurin sun shekara 500 zuwa 600. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, wannan bishiya dangi ɗaya take da maɗacin nan namu da ake dasawa a bakin titi, ake kuma jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki.

Me ya sa itace ba ya wuce nan? Masana sun bayyana cewa icce ba shi da zuciyar da za ta harba ruwa sama kamar yadda ta ɗan Adam ke harba jini. Rana ce ke busar da ruwan da ke jikin ganye, wannan bushewar kuma ita ke jawo wani ruwan daga saiwa ta cikin wasu siraran hanyoyi da ke cikin itacen, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Gwargwadon tsawon itace, gwargwadon wahalar jan ruwan. Wani bincike da aka buga a shekarar 2004 a kan jajayen itatuwan Kalifoniya ya nuna cewa iyakar abin da icce zai iya kaiwa tana tsakanin mita 122 da 130.

Idan aka duba dukkan wuraren nan, za a ga sun yi tarayya a abubuwa huɗu. Na farko, ruwa mai yawa da danshi a iska. Na biyu, ƙasa mai zurfi da albarka, irin wadda ruwa ke wankowa daga dutse ya tara a kwari. Na uku, mafaka daga guguwa da gobara. Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran muhimmanci, nisa daga gatari na tsawon ɗaruruwan shekaru.

KURMIN KUDANCIN KADUNA

Duk matafiyin da ya taso daga Jos ya gangaro Hawan Kibo ya nufi Gidan Waya da Kafanchan, zai lura cewa ƙasa ta sauya kama. A bisa tudu fili ne da ciyawa da duwatsu, amma da an sauko sai iska ta yi nauyi, itatuwa su yi duhu, a fara ganin kwakwar manja da ayaba kamar an shiga ƙasar Kudu. Dalili kuwa shi ne, iskar damina da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, idan ta iso nan sai ta ci karo da bangon duwatsun Filato da na Kagoro. Dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke ruwan da ta ɗauko. Saboda haka ne ruwan da ake samu a kewayen Kafanchan da Kagoro yakan haura milimita 1,500 a shekara, watau fiye da ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. A taƙaice, abin da ke faruwa a kwazazzabon Tibet shi ne ke faruwa a nan, sai dai namu ƙarami ne.

A kan tudu da fako, itatuwan dajin wannan yanki su ne doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da ƙirya da kawo, waɗanda suka saba da gobarar rani, kuma ba su cika yin tsawo sosai ba. Amma a cikin kwari da bakin rafi, inda ƙasa ba ta bushewa kuma wuta ba ta cika shiga ba, nan ne kurmi yake. A nan ake samun loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, mai iya kai mita 50. A nan ake samun maɗacin kurmi mai faɗin ganye, wanda ya fi na gari tsawo da miƙewa. A nan rimi ke samun sakewa ya yi gindi mai fukafukai, ya ɗaga kai bisa kowa. Ba banza ba Bahaushe ya yi masa kirari da adon gari. A nan kuma ake samun atili, wanda 'ya'yansa ke cika kasuwannin Kafanchan da Jos idan lokacinsa ya yi.

Shi atili ma tarihinsa a wannan ƙasa ya daɗe ƙwarai. Masu tonon kayan tarihi da suka yi aiki a kufan mutanen Nok, waɗanda suka ƙera gumakan yumɓun nan da suka shahara a duniya fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, sun sami ƙwallayen atili tare da gero da wake a cikin ragowar abincinsu. Watau tun wancan zamani mutumin wannan yanki yake cin arzikin kurmi.

Turawan binciken daji sun daɗe da lura da wannan abu. A shekarar 1963 wani masanin daji na Jami'ar Okusfod ta Ingila mai suna E. W. Jones ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan irin waɗannan kurame na Arewacin Nijeriya, inda ya nuna cewa tamkar tsibirai ne na dajin Kudu a tsakiyar dajin Arewa. Daga baya, a shekarun 1970 da 1980, masu nazarin tsuntsaye sun yi ta zuwa gandun dajin Nindam da ke kusa da Kagoro, suka sami tsuntsaye iri-iri waɗanda a da ake zaton sai a dazuzzukan Kudu kaɗai suke zaune. Wannan ne ya sa aka sanya dazuzzukan Kagoro da Nindam cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a duniya.

Ko ba a karanta littafin kowa ba, sunayen garuruwa kaɗai sun isa shaida. Akwai Kurmin Musa, akwai Kurmin Jibrin, akwai Kurmin Masara, akwai Kurmin Biri, har a cikin birnin Kaduna akwai Kurmin Mashi. Duk inda ka ji wannan suna, to, a da akwai duhuwar itatuwa da ruwa a wurin. Sai mai karatu da ya san waɗannan wurare ya tambayi kansa, a cikinsu nawa ne har yanzu kurmin yake nan, nawa ne kuma suna kaɗai ya rage?

MASU TSARON DA

Kafin zuwan Turawa, ba takarda ce ke tsaron kurmi ba. Yawancin al'ummomin yankin, kamar Atyap da Bajju da Ham da Agworok da sauransu, suna da keɓaɓɓun kurame na al'ada, waɗanda Hausawa ke kira kurmin dodo. A nan dattawa ke taruwa, a nan ake shigar da samari cikin manya, kuma babu mai shiga ya ɗaga gatari. Haka kuma duwatsun kansu mafaka ne a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, don haka jama'a suka ɗauki dutse da dajinsa abin girmamawa. Bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga watan Janairu na kowace shekara, sunansa ma daga dutse ya samo asali, kuma yana da alaƙa da ƙa'idojin da aka gada game da lokacin shiga daji farauta.

Da zamani ya juya, jama'a suka sauko daga duwatsu, suka karɓi Kiristanci da Musulunci, sai tsoron da ke tsare da waɗannan kurame ya ragu. Ba wanda ke cewa a koma gidan jiya. Abin lura kawai shi ne, an cire wani shinge ba a maye gurbinsa da wani mai ƙarfinsa ba.

Zuwan jirgin ƙasa ya ƙara sauya al'amura. A wajen shekarar 1927 ne Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi take rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta haura Jos. Gari ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina cikin Nijeriya. Can bisa Filato kuma ga ma'adinan kuza da dubban leburori, waɗanda ke bukatar itacen girki da katakon gini, alhali tudun ba shi da wadatar itatuwa. Ina za a nufa in ba gangaren Jama'a ba?

Ganin haka ne hukumomin wancan lokaci suka keɓe gandayen daji, aka sa malaman daji da masu gadi a ƙarƙashin En'e. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara dasa itacen tik a gandun dajin Nimbiya, kusa da mararrabar nan da har yau direbobi ke kira Fores, daga baya aka ƙara da malaina. Manufar ita ce a sami katako da turakun waya daga itacen da aka dasa, a rage wa kurmi nauyi. Dabara ce mai kyau, amma ya kamata a gane cewa gandun tik gona ce, ba kurmi ba. Tik baƙo ne daga Indiya da Bama, ganyensa manya ne masu rufe ƙasa su hana wasu tsirrai fitowa, kuma da rani yakan kaɗe su su zama makamashin gobara. Yana da amfaninsa, sai dai ba zai zauna a mazaunin loko da atili ba.

ABUBUWAN DA KE CIN KURMI

A yau abokan gaban kurmi suna da yawa, kuma babu ɗayansu da za a ce ba shi da hujjarsa. Na farko shi ne injin yankan katako na hannu. A da, kafin a kayar da loko guda a tsaga shi da zarton mutum biyu, sai an yi kwanaki ana fama. Yanzu mutum biyu da galan na fetur sun isa su gama da shi a wuni ɗaya, su tsaga shi a nan inda ya faɗi, a yi dakonsa zuwa bakin hanya. Itacen da ya shekara 200 yana girma, sai ya zama ƙyaure da kujeru kafin mako ya zagayo. Kuma masu sara ba sa zaɓen gurgu ko karkatacce, mafi tsawo da miƙewa suke nema, watau wanda ya kamata a bari ya ba da iri.

Na biyu shi ne gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachiya, ko ta Gwantu zuwa Akwanga, ya ga buhuna jere a bakin titi suna jiran motocin da za su kai su Kaduna da Abuja da Kano. Tun da aka janye tallafin kananzir a shekarar 2016, sa'an nan aka janye na fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin makamashi da na sufuri suka yi sama, gidaje da yawa a birane suka koma ga gawayi. Matar da ke hura gawayi a Kawo ko Nyanya ba ta da laifi, haka nan saurayin ƙauye da bai da wata sana'a. Amma itacen da ya fi ba da gawayi mai kyau, irin su ƙirya da doka, shi ne mai jinkirin girma. Idan kuma aka share dajin da ke kewaye da kurmi, to, an buɗe wa iska da wuta ƙofa.

Na uku shi ne neman ƙasar noma. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na gajiya, ƙasar kurmi kuwa baƙa ce mai taushi. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma bayan annobar da ta halaka citta a daminar 2023, ba abin mamaki ba ne manomi ya riƙa hangen sabuwar ƙasar da cutar ba ta taɓa ba. Na huɗu kuwa ita ce gobarar daji da ake sakawa kowace shekara, ko don farautar gafiya da ɓera, ko don sabuwar ciyawa ta fito. Wuta ba ta cika kashe babban icce nan take ba, 'ya'yansa take cinyewa. Kurmin da babu ƙananan itatuwa a ƙarƙashinsa kuwa kamar gari ne da babu yara, ƙarshensa a bayyane yake.

Sai kuma matsalar tsaro, wadda ta sa ma'aikatan daji da masu bincike ba sa iya shiga wasu wuraren, har wasu mutane suka fara kallon duhuwar daji a matsayin maɓoyar miyagu da ya kamata a share. Wannan tunani abin fahimta ne ga wanda abin ya shafa, amma sare itace bai taɓa kama ɓarawo ba.

Akwai wani darasi da ya kamata mu riƙe game da madobiya. Ita ba bishiyar kurmi ba ce, ba ta kuma da tsawo, amma katakonta ja ne mai kyau wanda masu kujerun alfarma a ƙasar Sin ke so. A cikin 'yan shekaru ƙalilan bayan 2013, aka yi mata wawa daga Kogi har zuwa Taraba da Adamawa, ana loda ta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. Sai da aka sanya ta ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa daga farkon 2017, sa'an nan a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Ƙasar da ke auna nata itatuwan da na'ura tana kafa musu doka, ita ce kasuwar da ta sha namu. Laifin ba na mai saye kaɗai ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA ZA A RASA

Wani zai ce ai icce icce ne, in an sare wani zai fito. To, ba katako kaɗai ke cikin kurmi ba. Kurmi ne ke riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa sannu a hankali har rani ya wuce. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro su ne ke zuba a magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, mai tsawon kimanin mita 30, su bi ta kogin Kogum su faɗa kogin Mada, wanda garuruwa da dama na jihar Nasarawa ke sha daga gare shi, kafin ya isa Binuwai. Kogin Gurara ma, wanda aka datse ake tura ruwansa zuwa Abuja, daga kudancin Kaduna ya taso. Idan aka tsiraita mafarin waɗannan koguna, da damina za a sha ambaliya da zaizayar ƙasa, da rani kuma a nemi ruwa a rasa. Mai buɗe famfo a babban birnin tarayya yana da rabo a cikin wannan magana ko da bai taɓa jin sunan Nindam ba.

Ban da ruwa, akwai zuma da magunguna da atili da manja, waɗanda mata da tsofaffi ke samun na cefane da su. Akwai kuma irin itatuwan kansu, waɗanda suka saba da yanayin Arewa tun dubban shekaru. Idan suka ƙare, ba a sayo irinsu a kanti.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na shekarar 2010, ta ƙiyasta cewa Nijeriya na asarar kimanin hekta 410,000 na daji a kowace shekara. Yawancin hankalin hukuma a Arewa ya tafi ne ga bakin hamada, kuma hakan daidai ne. Sai dai shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa jihohi 11 ya shafa, babu Kaduna a ciki. Shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, na dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ya haɗa da Kaduna. Lalle ne wakilan yankin su tsaya su ga cewa mafarin koguna sun sami kasonsu, gama tsare icce mai shekara 200 ya fi dasa dubu waɗanda akuya za ta cinye kafin kaka.

Mataki na farko shi ne a san abin da ake da shi. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona da ilmin muhalli, ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, ga kuma ta Afaka kusa da Kaduna. Ba sai an jira na'ura mai tsada ba. Da tef da ɗan ƙarfen auna kusurwa, ɗalibai za su iya zagaya gundumomi su auna manyan itatuwan da suka rage, su rubuta irinsu da tsawonsu da kaurinsu da inda suke, a buga sakamakon kowa ya gani. Garin da aka ce shi ke da loko mafi tsawo a jihar Kaduna ba zai yarda a sare shi da dare ba.

Na biyu, kula da daji aikin gwamnatin jiha ne, saboda haka ya wajaba a sake shata iyakokin gandayen daji, a ɗauki isassun masu gadi daga cikin 'ya'yan garuruwan da ke kewaye, a kuma biya su a kan kari. Na uku, a ba sarakuna da hakimai da dagatai ikon hana sara a bakin rafi da mafarin ruwa, limamai da fastoci kuma su taya su da wa'azi, tun da su ne jama'a ke saurare a yau. Na huɗu, a taimaki masu gawayi su dasa nasu itatuwan masu saurin girma a gonakin da suka gaji, a kuma sauƙaƙa wa matan birni murhu mai cin itace kaɗan da iskar gas. Wanda aka hana shi sara ba a nuna masa wata hanyar abinci ba, da dare zai koma.

Ko a can Tibet ɗin ba a ce an tsira ba, domin a watan Yuli na 2025 gwamnatin Sin ta ƙaddamar da ginin wata gagarumar madatsar ruwa a ƙasan wannan kogi na Yarlung Zangbo, kuma hanyoyin mota sai ƙara kutsawa suke yi cikin duwatsun. Nisa ya daina zama garkuwa a ko'ina cikin duniya. Abin da ya rage shi ne doka da sanin darajar abu.

Itatuwanmu ba za su kai mita 100 ba, yanayinmu bai ba da haka ba. Amma lokon da ke tsaye a gindin dutsen Kagoro tun kafin a shimfiɗa layin dogo a Kafanchan, shi ma abin alfahari ne, kuma ba mu muka dasa shi ba balle mu ce namu ne mu kaɗai. Muna kira ga gwamnatin jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Jaba da Zangon Kataf, da sarakunan yankin baki ɗaya, su dubi wannan al'amari tun da sauran abin dubawa. Allah ya sa 'ya'yanmu su ga kurmi da idonsu, kada su tashi su tarar da shi a sunan gari kawai.